Takalma Biyu a Cikin Kogo

Da safiyar ranar da za mu shiga jirgin ruwan, Baba ya kwance agogonsa ya ajiye mini kusa da kwanon shinkafata.

"Riƙe wannan, Chizuru."

"Me zan yi da shi? Ina da na jikin waya."

"Riƙe dai. Nauyi yake yi mini."

Agogon nan ko wanka Baba zai shiga sai ya rataye shi inda idonsa zai riƙa kai wa. Shekararsa casa'in da ɗaya, kuma shekara uku ke nan da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubar da abubuwa. Wata rana ya kira ni da sunan mahaifiyata, wata rana ya tambaye ni wa nake nema a gidansa. Amma yau ga shi ya kira ni da sunana, ya yi aski da kansa, ya sa baƙar kwat ɗin da yake zuwa makoki da ita.

Na tashi kamar zan ɗauko jaka, na shige ɗakina na jawo durowar tawul. Ambulan ɗin yana nan inda na ɓoye shi. Wasiƙar gidan kula da tsofaffi ce a ciki: gobe Litinin da ƙarfe goma motarsu za ta zo ɗaukarsa. Ban gaya masa ba. Wata biyu ina neman bakin da zan faɗa da shi. Na mayar da durowar na ce wa kaina ai bai gani ba, tsoro ne kawai irin na mai laifi.

Shi ya roƙi tafiyar. Tun bazara yake cewa in kai shi ya sake bin hanyar ruwan nan daga Kyoto zuwa Otsu, inda ya yi aikin jan jirgin kaya yana ɗan shekara goma sha biyar. Na yi ta ɗagawa. Da wasiƙar ta zo, na kama mana kujera biyu.

A tashar Keage, wata mata mai hular ma'aikata ta tare mu da takarda. Ta sunkuya ta ce sunanta Uzuki, ita ce mai yi wa fasinjoji bayani. Ta dubi Baba, ta rage murya.

"Dattijon zai iya zama wuri guda ya bi umarni?"

"Zai iya," na ce, na sa hannu. Kunyar a mayar da mu gida a gaban mutane ce ta sa ni.

Mu goma sha biyu ne. Ana raba rigunan kariya daga nutsewa, wani ƙaton mutum ya zo ya tsaya gaban Baba yana kallonsa tun daga sama har ƙasa. Bakinsa kaɗai ya isa ka san daga Osaka ya fito.

"Kai, Baba, wannan kwat fa? Neman aure za ka a Otsu? In haka ne ka ɗauke ni ɗan rakiya. Hamaguchi sunana."

"Ka ƙyale dattijo," in ji matarsa, wata gajeriya mai riga zanen damisa. "Ka fara rufe rigarka tukuna."

"Ta ƙi rufuwa, Kinuyo. Ta yara suka ba ni."

"Bar ta haka. Kai ai ko a teku aka jefa ka tumbin nan zai taso da kai."

Aka yi dariya. Kinuyo ta zaro alewa daga jaka ta danƙa wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya miƙo mini.

"Sa a jakarki. Ba zan samu lokacin sha ba."

Ya zaɓi kujerar gaba, gefen da ke bin bango. Na zauna kusa da shi na kama hannun kwat ɗinsa. Jirgin ɗan siriri ne mai rumfa, matuƙin yana can baya wajen inji, Uzuki tana tsakiya da makirfo. Muna tashi Baba ya leƙa ruwan.

"Yau da ƙarfi yake," ya ce. "An yi ruwan sama a kan tafkin Otsu, can inda yake fitowa."

Kogon farko da aka haƙa wa ruwan ta cikin dutse ya haɗiye mu tun ba mu gama gyara zama ba. Sanyi ya sauko, ƙarar injin ta cika ko'ina. Fitilar gaba ta haska bangon bulo, ga wata igiyar ƙarfe mai tsatsa tana bin jikinsa daidai kafaɗa, an ɗaure ta da ƙugiyoyi nan da can. Uzuki ta ce da ita mutanen dauri suke jan jirage in za su tafi saɓanin gudun ruwa, kamar mu.

"Ni na ja ta," in ji Baba.

"Haba dai!" Hamaguchi ya miƙo wuya daga bayanmu. "Da gaske, Baba? Kai kaɗai?"

"Ba a ja mutum ɗaya. Ni da yayana Isokichi. Ni a gaba, shi a baya. In zan saki in kama gaba, sai in ce, ka riƙe? Sai ya ce, na riƙe. In bai ce ba, ba na saki. Ko hannu zai tsinke, ba a saki. Wata rana wani yaro daga Yamashina ya saki..."

Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari. Na ga wasu mata biyu sun juyo, na ga Uzuki ta dakata da bayaninta tana murmushin haƙuri. Na matse hannunsa.

"Baba, kada mu dami mutane."

Ya bar labarin a nan. Sai da muka fito haske, ganyaye jajaye suna zubowa kan rumfa, mutane a kan gada suna ɗaga mana hannu, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Na dame ki da yawa, Chizuru."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kike nufi."

Muka wuce kogo na biyu da na uku, gajeru ne, kana shiga kana hango ƙarshensu. Hamaguchi yana ta ɗaukar hoto, matarsa tana cewa duk babban yatsansa yake ɗauka. Ni kuwa hannun kwat ɗin nan nake riƙe da shi har yatsuna suka ƙage.

Da muka doshi na ƙarshe, Uzuki ta bi gefe-gefe tana sauke labulen roba, har da na gaba.

"Wannan shi ne babban," ta ce. "Ya haura kilomita biyu. A ciki akwai rijiyar da masu haƙa kogon suka bari a rufinsa, ruwa yana zubowa daga sama, shi ya sa muke rufewa. In mun wuce ta zan kashe fitila na minti ɗaya, ku ga irin duhun da mutanen dauri suka yi aiki a cikinsa. Ina roƙon kowa ya yi shiru, kada a kunna waya."

"Kin ji, Kinuyo? Shiru na minti ɗaya. Ko za ki sauka a nan?"

Bakin kogon baƙi ƙirin, an sassaƙa rubutu a dutsen da ke samansa. Baba ya sunkuyar da kai ya gaishe shi, yadda ake gaida kabari.

Muka shiga. Hasken baya ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙwayar shinkafa, na gaba kuwa bai bayyana ba. Numfashinmu ya sa labulen ya yi hazo. Can muka ji ruwa yana dukan rumfa da ƙarfi, sannan ya wuce.

"To, ga shi nan," in ji Uzuki. Fitila ta mutu.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Na buɗe ido, na rufe, duk ɗaya. Injin ya rage murya. Sai na ji tafin Baba a kan hannuna. Ya shafa shi sau biyu, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga kwat ɗinsa, ya ɗora hannun a kan gwiwata kamar mai ajiye kofi.

Na ji ƙas. Na sake jin ƙas. Maɓallan rigar kariya ne.

Ban yi magana ba. An ce a yi shiru, mutum goma sha biyu sun yi shiru, har Hamaguchi. Na ce a raina rigar ce ta matse shi, saura daƙiƙa talatin a kunna fitila, kada in ɓata wa mutane abin da suka zo gani. Na laluba gefena a hankali. Iska mai sanyi ta bugi fuskata. An ɗaga labulen gaba.

A daidai lokacin wani abu ya bugi ƙasan jirgin. Injin ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu.

Wuri ya yi tsit. Sai ƙarar ruwa. Sannan na ji jikina yana karkata gaba: jirgin ya fara komawa baya. Bayansa ya gogi bango da wata irin ƙara, wata mata ta kurma ihu.

"Kowa ya zauna!" matuƙin ya daka tsawa. "Wani abu ya naɗe farfela. Uzuki, fitila!"

Fitilar rumfa ta kama. Kujerar Baba babu kowa. Rigar kariyar tana ninke a kanta. A ƙasa ga takalmansa biyu a jere, kai da kai, safa a naɗe cikin na dama.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an tarar da takalma a jere haka a bakin gada: mai su ya faɗa ruwa ne don ya kashe kansa.

Na miƙe. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ku yi haƙuri... don Allah ku yi haƙuri, mahaifina..."

"Wane irin haƙuri!" Kinuyo ta ture mijinta ta leƙo. "Tsohon ya faɗa ruwa! Jama'a, tsohon ya faɗa ruwa!"

Uzuki ta ɗaga labulen gefe ta haska tocila. Ruwa baƙi yana gudu, babu kai, babu hannu. Matuƙin ya tokare bango da sanda, yana ƙoƙarin ɗaga injin da ɗaya hannun. Jirgin ya sake bugun bango, muka zube kan juna.

Sai goshin jirgin ya yi wata irin fizga, gudun ya ragu. Daga bayan labulen gaba, wata murya ta tashi, mai kauri, wadda ban taɓa ji daga bakin Baba ba.

"Isokichi! Ka riƙe?"

Na fizge labulen. Yana tsaye a kan goshin jirgin, ƙafa ba takalmi, yatsun ƙafarsa sun danne gefen katako. Hannayensa biyu suna kan igiyar ƙarfen. Ta riga ta zame cikin tafinsa har ya tokare da ƙugiya, jini yana bin hannun farar rigarsa. Kuma jirgin bai tsaya ba, ja yake a hankali. Hannun Baba yana bango, ƙafarsa tana jirgi, tsakaninsu yana buɗewa. Jikinsa ya fara miƙewa a saman ruwan.

"Dattijo, don Allah a saki," in ji Uzuki. "A yi haƙuri a saki, a dawo ciki."

Ko juyowa bai yi ba.

"Baba, ni ce, Chizuru! Saki!"

"Isokichi! Barci kake yi? Ka riƙe?"

Hamaguchi ya yunƙura zai zo, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo.

"Zauna, malam!" in ji matuƙin. "Mutum ɗaya kawai a gaba, mara nauyi!"

Na taka goshin jirgin, takalmina ya zame, gwiwata ta bugi ƙarfe. A nan na tuna abin da Baba yake faɗa kullum in ya kai tsakiyar labarin nan, wurin da nake tashi in tafi wanke kwanuka: ba a jan jirgi da takalmi, tafin ƙafa ne ke kama jiƙaƙƙen katako. Na tuɓe nawa na watsar. Na miƙe a bayansa, na kai hannu na damƙi igiyar. Sanyi gare ta, tsatsar tana cizo kamar ƙaya. Nan take na ji nauyin jirgin gaba ɗaya ya hau kafaɗuna.

"Ku kama igiyar!" na waiwaya na ce. "Duk wanda ke gefen bango, ya kama daga inda yake zaune!"

Hamaguchi ne ya fara zura hannu ta ƙarƙashin labule. Sai wani ɗalibi, sai matan nan biyu. Jirgin ya yi ƙugi ya tsaya cik. Amma ƙafar Baba ta hagu ta riga ta bar katako, tana reto.

"Na riƙe," na ce.

"Ban ji ba!"

Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa ɗaga murya a gaban baƙi ba. Na cika ƙirji na kwarara ihu har kogon ya amsa.

"Na riƙe!"

Ya saki. Na saki hannu ɗaya na cafko bayan kwat ɗinsa, muka faɗo tare cikin rumfar, kansa a ƙirjina. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Uzuki ta tare mu da jikinta.

"Mun riƙe, Baba!" Hamaguchi yana haki. "Ni da tumbina duka mun riƙe! Direba, yi sauri, hannuna na sayar da taliya ne, ba na jan jirgi ba!"

Matuƙin ya jawo wata shuɗiyar tamfol da ruwan sama ya kwaso daga wani wuri, ta naɗe farfelar tamau. Ya yanke ta da wuƙa. Sau uku yana tayar da injin kafin ya kama. Da hasken Otsu ya bayyana can gaba kamar ramin allura, wata mata ta fashe da kuka, sauran suka hau tafi.

Kinuyo ta ɗaure wa Baba tafukansa da hankici biyu, tana yi tana faɗa.

"Kai ma dai, Baba, ka kusa kashe mu da tsoro. Ka jera takalma haka, me kake so mutum ya ɗauka?"

"Ke ba ki san aiki ba," in ji mijinta. "Ƙwararre ne. Ya ji injin zai mutu tun kafin ya mutu. Baba, in ka samu matar a Otsu, ni zan yi maka waliyyi."

Na yi dariya har da hawaye. Na yarda da maganarsa, don ina so in yarda.

A tashar Otsu aka zaunar da Baba a benci, Uzuki ta ruga kiran motar asibiti tana ta ba mu haƙuri, ni ma ina ba ta. Na durƙusa in sa masa takalma. Na dama ya shiga. Na hagu ya ƙi. Na zura yatsa na zaro wata takarda da aka ninke huɗu.

Wasiƙar gidan tsofaffin ce. Ambulan ɗin da na gani da safe fanko ne. A bayan takardar, da fensir, da rubutun Baba mai karkarwa: Chizuru, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Kada ki zargi kanki.

Na ɗaga kai. Yana kallona, idonsa tar, babu hazo ko kaɗan.

"Injin bai mutu ba lokacin da ka ɗaga labulen," na ce.

"Bai mutu ba."

"Baba."

"Na riga na sa ƙafa ɗaya a bakin jirgin. Sai na ji jirgi yana komawa baya da mutane a ciki." Ya dubi hannayensa a naɗe. "Hannayen nan ne suka kama. Ni ban ce su kama ba."

Bayanmu Hamaguchi yana ba wasu masu jiran jirgi labari, ya riga ya mayar da Baba ɗan shekara ɗari. Na cusa wasiƙar cikin jakata. Na zaro agogon, na ɗaura masa a saman hankicin, na matse maɗaurin har rami na ƙarshe.

"Ƙarfe goma za su zo, ko?" ya ce.

"Ba mai zuwa gobe. Zan kira su yanzu. Duk abin da za a yi, sai mun zauna ni da kai, in faɗa maka da bakina."

Ya juya yana kallon bakin kogon, inda ruwan ke shigewa ƙarƙashin dutse. Ina kallon fuskarsa hasken ya fara janyewa daga idonsa, yadda ya saba.

"Isokichi," ya ce mini, "ruwan nan da ƙarfi yake yau."

Shekara uku ina fargabar ranakun da yake mantuwa. Ban taɓa tunanin in ji tsoron ranar da zai tashi da hankalinsa garau ba, sai yau.

"Da ƙarfi yake," na ce. "Tashi mu je, ga mota can."

Hanyar zuwa titi siririya ce, tana bin gefen ruwan. Na zagaya na koma ta ɓangaren ruwa, na kama tsintsiyar hannunsa a saman agogon. Sai da muka yi nisa na lura ƙafata babu takalmi. Na bar su a jirgin, kuma ban koma ɗauka ba.